Maginin da Ba a Taɓa Ganin Gininsa Ba

Shekarar da auduga ta yi wa Maitama albarka a Bakori, can zamanin kakanni tun Turawa ba su zo ba, sai ya ce shi da ɗakin jinka sun raba gari, soro zai gina. Matarsa Hansai ta fi shi murna, don ta gaji da yoyo da fargabar gobara.

"Malam, ai sai ka je wurin Labo," in ji ta.

Labo shi ne maginin da kowa ya sani a unguwar. Shi ya gina zauren liman, damina nawa ta wuce ko tsagewa bai yi ba. Maitama ya je, Labo ya ce yana da aiki a hannu a Malumfashi. Ko ya gama ma, sai an kwaɓa ƙasa ta tsumu, tubali ya bushe, an nemo azara mai ƙwari. In ana son abin kirki, a bari sai wani rani. Maitama ya dawo gida yana tsaki.

Ranar kasuwa sai ga shi da wani baƙo mai suna Mati, dogo, ga riga wankakkiya, ga baki kamar an shafa masa zuma. Ya ce ya yi gini a Zazzau, ya yi a Kano, sorayen attajirai har ya manta yawansu. Kafin ruwan farko zai gama, kuma ba zai tsauwala ba.

Hansai ta saurara daga bayan zana. Da baƙon ya fita ta ce, "Malam, wa ya san shi a garin nan?"

"Ba ki ji ya ce Zazzau ba?"

"Na ji ya ce. Wa ya gani? Ko akuya za ka saya sai ka buɗe bakinta."

"Ke dai ba ki rasa abin faɗi. Me mace ta sani a gini?"

Ta koma ga kaɗinta, amma idonta na kan aikin. Ta ga an kwaɓa ƙasa da safe, da yamma an ɗora. Ta taɓa tubali ta ji shi da danshi. Da aka kawo itacen rufi ta ga ba giginya ba ce, wasu ɗanyun itatuwa ne da aka saro a bakin rafi, har ruwa suke fitarwa. Ta faɗa wa mijinta. Ya tambayi Mati, Mati ya yi dariya ya ce, "Sabon yayi ke nan a birni. Ɗanyen itace ya fi kama ƙasa."

Ba a jima ba bango ya tsage daga sama har ƙasa. Hansai ta jawo Maitama ta nuna masa, ta zura yatsanta a ciki.

"Wannan fa?"

Mati ya ce, "Gini ne ke zama. Duk soron kirki sai ya yi haka." Ya ɗebi taɓo ya shafe tsagar.

"Wallahi Malam, in wannan ne zama, ina tsoron ranar da zai kwanta!"

Maitama ya ce ta kunyata shi gaban baƙo. Ya sallami Mati da godiya, har ya ƙara masa da riga. Ya kwashe hatsin iri da ragowar audugarsa ya zuba a sabon soro, shi ma ya tare a ciki. Hansai ta ce ita kam ko tabarmarta ba za ta shiga ba. Ta roƙe shi ya kira wani magini ya duba, ya ce ba zai zama abin dariya a gari ba.

Damina ta kankama. Wata rana ruwa ya wuni yana zuba. Hansai na tsohon ɗakinta tana hangen soron, ta ga ko ɗigo ba ya fita ta indararo, duk ruwan ya kwanta a kan rufi. Ta ƙwala kira, "Malam, ka fito! Don girman Allah ka fito!"

Ya leƙo ya ce, "Ke ce a cikin yoyo, ke za ki shigo."

Bai rufe baki ba ta ji ƙara kamar an karya kara. Rufin ya rufta gaba ɗaya. Ta fita a guje tana kururuwa, maƙwabta suka zo da fartanya da hannu suka yi ta tono. An ciro Maitama da rai, amma itace ya danne masa ƙafa ya ragargaza ta. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafar ta ƙi. Iri da auduga kuwa sun dagule da laka.

Aka nemi Mati, ko ƙurarsa. Sai daga baya wani falke da ya saba zuwa Zazzau ya ji labari, ya riƙe baki ya ce, "Mati dogo? Ai jaki yake kora, yana kai wa magina ƙasa. Bai taɓa ɗora tubali a kan tubali ba."

Maitama bai sake riƙe fartanya ba. Hansai ce ta koma ciyar da gida da kaɗi da dakau. In ta kawo masa tuwo ya sunkuyar da kai, sai maganar "ai na faɗa maka" ta zo mata baki, ta dubi ƙafar, ta haɗiye.

Jama'a, jiya magini ne, yau mai haɗa wutar lantarki ne, kuma waya ta fi azara saurin kisa. Kada ku damƙa gidanku ga mai daɗin baki don sauri ko araha. Ku tambayi wa ya koya masa, ku je ku ga aikinsa da idonku, ku ji ta bakin waɗanda ya yi wa, kafin ya taɓa inda iyalinku ke kwana.