Rokar da Ta Yi Jinkiri

Ta danna maɓalli, amma rokar da za ta cilla ƙaramin jirginta marar matuƙi ta yi shiru. Mahaifinta, wanda tun dawowarta daga jami'a a Wad Madani yake cewa za ta ƙone masa gonar dawa, ya taka zai duba.

"Baba, tsaya!" Ta cafke jallabiyarsa. "In roka ta ƙi tashi, sai an jira minti guda."

Bai gama tsaki ba wuta ta feso daidai inda zai sa fuska. Jirgin ya cilla sama, ta karkato shi bisa dawar da na'urar da ke hannunta. Dubban tsuntsayen da ke cinye zangarniya suka tashi fuu, suka tsallake rafi.

Ya shafa gemunsa, yana dariya.

"Ya salam! 'Yata, gobe ƙarfe nawa za ki dawo?"