Goro da Rana Tsaka

Baturen dokotoro, likitan da ya zo daga Damagaram, ya nuna jan miyaun da na tofar, ya ce, "Mene ne wannan?"

Na dube shi ido cikin ido, na ce, "Goro ne, ranka ya daɗe."

Kwana ashirin ke nan sanƙarau ya cika gidan likitan Matameye, ni kaɗai ne ma'aikacin jinya, dare da rana. Barci sai gyangyaɗi a tsaye. Dasashina ya kumbura, ko ruwa ya taɓa shi sai jini. In Baturen ya gane, hutu zai tura ni, ya rufe wurin, alhali mutum talatin na kwance.

Ya gyaɗa kai, ya hau motarsa.

Wata tsohuwa 'yar Tsauni da ke jinyar ɗanta ta matso. "Ɗan nan, yau sha biyu ga azumi, rana tsaka. Goron wa ka ci?"

Ta shimfiɗa mini tabarmarta a inuwa.

"Bature ka ruɗa, ba ni ba. Kwanta. In wani ya yi nishi, ni zan tashe ka."