Wilin Mai Niƙa

Ranar da na fara ganin Goggo Tabawa, wadda ta riƙe Sallau tun yana yaye, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Saura wata guda bikinmu da shi, kuma ba a daɗe da rasuwar ƙaninsa a hannunsa ba. Ta tambaye ni me na gani a jikin ɗanta. Na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, ba ya kuka da komai. Ko hawaye ban ga ya yi ba." Sai ta ajiye ƙwaryar ta ba ni wannan misali.

Wani mai niƙa ne yake zaune da ƙarfe iri biyu. Ɗaya babban wilin da ke juya injinsa, baƙin ƙarfen zubi, wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Ɗayan kuwa wani siririn ƙarfe ne da likitoci ke kira titaniyam, aka ɗaure masa ƙashin cinya da shi bayan ya faɗo daga mota. Ya raina shi tun ranar da aka nuna masa, don bai fi cokali nauyi ba. An gaya masa ba ya tsatsa ko a cikin jini, kuma yakan ɗan ba da kai in an taka, ya koma daidai. Shi dai abin da ya sani, in ya ɗauki buhu ƙafar sai ta yi masa tsami, dole ya zauna ya lallashe ta. Wilin kuwa bai taɓa lanƙwasa ba, bai taɓa neman hutu ba.

Masu inji na da al'ada: kafin a tayar, a ƙwanƙwasa wili da sifana. Lafiyayye yakan yi ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Mai niƙan ya ga shekaru ba abin da ya faru, ya daina. Ashe ƙarfen zubi ba ya gargaɗi. Yana ɗaukar kaya komai nauyinsa, tsaga na cin sa ta ciki, fuskarsa sumul. Wata ranar kasuwa, mata na jiran garinsu, wilin ya tarwatse yana tsakiyar gudu. Masu wankan gawa sun ce a duk jikin mai niƙan ƙafar nan da yake zagi ce kaɗai suka samu ba ta karye ba.

Goggo ta ja ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara, ba ta dube ni ba. Na daɗe ina murza bakin mayafina.

"Goggo, na yi alkawari zan riƙa tambayarsa. Ko ya ce lafiya lau, zan sake tambaya."

"Yi dai, 'yar nan," in ji ta. "Ƙarfe ɗaya ba ya amo."