Lamba Ɗaya, Manoma Arba'in

"Ɓarayin banza," in ji ta, ta bugi tebur.

Ƙungiyar manoma a Kankia ce ta ɗauke ta aikin tace rajistar takin zamani a shafinsu na intanet. Da yaren kwamfuta na PHP ta rubuta layi guda na regex, ƙa'idar da ke bin rubutu tana tsamo duk abin da ke da siffar lambar waya, ko da tazara aka rubuta ta, ko da +234. Sai ga lamba ɗaya a ƙarƙashin sunaye arba'in, duk daga Bauranya, garinsu.

Ranta ya ɓaci. Mahaifinta na can yana noma ba taki, wani ƙato kuma zai kwashe buhu arba'in. Ta goge su kaf, ko sunayen ba ta duba ba. Ta danna lambar a wayarta don ta wanke shi tas.

Allon ya nuna: Baba.

"Ɗiyata, yi maza ki kashe," in ji shi. "Ni kaɗai ke da waya, kowa lambata ya bayar. Ga mu nan duk unguwa a gindin kukar da ke kama sabis, muna jiran saƙon taki."