Wanda Ya Nuna Musu Can

Jirgin kwasar yashi ya iso ranar Talata da hantsi, kuma bai yi wani dube-dube ba. Ya wuce tsibirinmu na Kalaroang ta gabas, ya miƙe kamar a nan aka haife shi, ya tsaya daidai kan wurin, ya zura bututunsa.

Wurin ba shi da suna, "Can" kawai muke ce masa. Tudun yashi ne a ƙarƙashin teku inda kifi ke zuwa ya yi ƙwai, shi ke ciyar da gida ɗari biyu tun zamanin kakanni. Ba a kwatanta hanyarsa a cikin gari. Idan ka isa riƙe taru, uba zai fita da kai ya nuna maka yadda ake daidaita hasumiyar masallaci da doguwar kwakwar maƙabarta, daga nan ba a sake maganar. Shekara biyu kamfanin da ke gina sabuwar tashar jiragen ruwa yana neman yashin da zai cike gaɓar birni, laka kawai yake samu. Ga shi yau ya dira a kai tashi ɗaya. Lallai wani ya yi magana.

Daeng Ngintang (Daeng laƙabin girmamawa ne a wajenmu), mai shanya kifi, ita ke jan ragamar faɗanmu da kamfanin tun kafin zuwan jirgin. Ita ta kwashi mata tamanin suka yi kwana uku a ƙofar ofishin kula da teku, kowacce da tukunyarta babu komai a ciki. Da wani jami'i ya ce shi ruwa kawai yake gani a taswirarsa, babu shaidar akwai mai cin abinci a wajen, ta dawo gida ta rubuta koke mai shafi goma sha ɗaya, ba ta bar masa ƙofar musu ko ɗaya ba. Duk muka dangwala yatsa, babu wanda ya tsaya karantawa. Mutum ɗaya ne ya karanta, kuma ya ƙi: yayanta, Daeng Tarru.

"Kar ki kai takardar nan, ƙanwata," ya ce.

"Saboda me, Daeng? Ko shinkafar kamfani ce ta toshe maka maƙogwaro?"

Muka yi dariya, har da ni. Ya buɗe baki, ya dubi taron, ya rufe. Kowa ya san tun da bayansa ya hana shi jan taru, jigilar leburorin tashar yake yi da kwalekwalensa.

Bayan wata biyar jirgin ya zo. Cikin mako biyu ruwa ya koma kamar kunu. Masunta suna fita da asuba su dawo da kifin da bai isa miya ba. Mata suka fara sayar da 'yan kunnensu.

Ranar Juma'a bayan salla aka tare Tarru a ƙofar masallaci. Ngintang ce ta ratsa maza ta tsaya a gabansa. Tana sonsa, wannan kowa ya shaida. Shi ya goye ta tana ƙarama, shi ya aurar da ita bayan rasuwar ubansu. Ta ce masa:

"Ka wanke kanka, Daeng. Ka rantse ba ka san wanda ya nuna musu Can ba."

Tarru ya girgiza kai.

"Ba zan rantse ba."

"To ka faɗi sunansa."

"Shi ma ba zan faɗa ba."

"Shi ke nan," ta ce. "Daga yau ba ni da wa."

Kafin la'asar an fasa masa kwalekwale. Washegari ya ɗauki matarsa ya haye birni, babu wanda ya raka shi bakin ruwa. Mahaifiyarsu ta kwanta ciwo a watan azumi, tana ta kiran sunansa. Ngintang ta hana a aika masa har sai da aka dawo daga maƙabarta. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce tsibiri ya fi gida ɗaya. Mu kuma muka yaba mata, Allah Ya yafe mana.

Muka kai kamfanin ƙara, shari'a ta ci shekara guda kafin a saurare mu. Lauyarmu, Ibu Rosmini, ta nemi kamfanin ya bayyana wa kotu yadda ya zaɓi wurin da kuma wanda ya kai shi. Ngintang ce ta matsa a yi tambayar. So take a ambaci sunan a gaban alƙali, ko ta samu ta yi barci.

Tarru ma ya zo. Ya rame, ya zauna a benci na ƙarshe, bai dubi kowa ba. Da ya ji tambayar sai ya miƙe ya ce a bar maganar, shi ya yarda shi ne. Alƙali ya ce ya zauna.

Injiniyan kamfanin, wani mai farin tabarau, ya yi mamakin tambayar. Ya ce babu wanda ya kai su, ba su sayi bakin kowa ba. Ƙa'ida ce duk ƙorafin da aka shigar a kan kamfani sai an aika masa kwafi don ya ba da amsa. Ya zaro takarda guda daga jakarsa ya miƙa.

Takardar ta bi hannu-hannu, daga alƙali zuwa Ibu Rosmini, daga ita zuwa Ngintang. Shafi na bakwai ne na kokenmu: zanen hanyar Can tun daga bakin gaɓa, daki-daki, da rubutun hannun Ngintang.