Jan Ruwan Tafki da Taubasai Biyu

Tunda ka ce kai kaɗai za ka gyara lamarin nan, ba ka neman dabarar kowa, gyara zama in ba ka misalin wata tsohuwa.

A wani ƙauye na bakin fadama, wata damina rijiyar gari ta rufta, kowa ya koma shan ruwan tafki. Ruwan nan ja ne kamar kunun kanwa. Ko ka ajiye shi a randa kwana bakwai ba zai kwanta ba, domin lakar cikinsa ta yi laushi da yawa, 'yan ƙwayoyinta ture juna suke yi, babu wadda ke yarda ta nutse. Tsohuwar kuwa ta gaji wata dabara wurin kakarta. Takan daka 'ya'yan zogale su zama gari, ta kaɗa a tulu, ta tafi sha'aninta. Garin sai ya tattaro lakar ta dunƙule, ta yi nauyi, ta sauka gindin tulu, ruwa ya fito garau. Tana ji da ruwan nan nata ƙwarai, har takan ɗaga ƙwarya a rana don maƙwabta su gani. Amma duk da haka maigidanta ya yi kwana goma cikinsa yana gudu, ya rame, masallacin ƙofar gida ma da ƙyar yake kai kansa. Katanga ɗaya ce tsakaninta da taubashinta, wani dattijo mai taurin kai. Shi ya je birni ya karɓo ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa wurin ma'aikatan lafiya, farar ƙwayar nan mai warin da ke hawa hanci, sai dai bai tsaya jin ƙarshen bayani ba. Jefa ta yake yi cikin jan ruwan kai tsaye. Kullum suna tsiya ta kan katanga, ita ta ce kwata yake sha mai warin asibiti, shi ya ce wanka kawai take yi wa ƙwayoyin cuta. Gidansa ma ba a tsira ba, matarsa na kwance, shi kuwa sai ƙara ƙwaya yake yi har ruwan ya ƙi shayuwa.

Wata safiya tsohuwar ta ga maigidanta ya kasa ɗaga buta. Tsoro ya kama ta, girman kai ya fice mata. Ta ɗauki tulun ruwanta da ya kwanta, ta tace da tsabtataccen ƙyalle, ta kai ƙofar taubashin.

"Bawana, kawo ƙwayar nan taka guda ɗaya, ni kuma in koya maka aikin zogale," in ji ta.

Ya ce, "Ashe da rabon in ga ranar da za ki zo roƙo gidan ubangidanki." Amma da sauri ya shiga ya ɗauko, don shi ma hankalinsa a tashe yake.

Abin da su biyun ba su gane ba tun farko shi ne, kulorin mai zafin rai ne, duk abin da ya fara cin karo da shi, shi zai far wa. A cikin jan ruwa ƙarfinsa kan ƙare wurin faɗa da ruɓaɓɓen ganye da dauɗa, ƙwayoyin cuta kuma su laɓe jikin laka su sha iska. Zogale yana kwashe lakar, amma ba ya gamawa da abin da ido ba ya gani. Da aka jefa ƙwayar a ruwa garau, aka rufe tulu aka jira rabin sa'a, sai ta tarar da abokan gabarta a fili, ba wurin ɓuya. Gidajen biyu suka koma shan wannan ruwa, marasa lafiya kuma ana ba su ruwan gishiri da sukari da aka haɗa da shi. Ba a yi mako ba maigidan tsohuwar ya share malmalar tuwo ya nemi ƙari, ita kuwa daɗi ya cika ta har tana yi masa faɗan ci da yawa. Tsiyar kan katanga dai ba ta ƙare ba, kowannensu yana cewa nasa ne ya yi aikin, ɗaya na miƙo garin zogale, ɗaya na miƙo ƙwaya.

To, ka ji. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.