Ɗan Rakiya

Da ƙyar na ja ƙanena asibiti a auna jininsa, ko akwai alamar ciwon dajin huhu. Mashayin taba ne, ni kuwa kullum cikin yi masa wa'azi nake.

Yana ganin allura ya fara ja da baya. Na naɗe hannun riga. "Matsoracin banza. A fara da ni, ka ga maza."

Da muka koma, likita ta ce nasa lafiya lau. Ta juyo gare ni. "Naka ne ya nuna alama. Sai mun ɗauki hoton ƙirjinka."

Ƙanena ya dafa kafaɗata. "Yaya, na daɗe ina jin tarin nan naka. Wa'azinka ne bai bar ni na yi magana ba."